Gari ɗaya ba ya tsare itatuwa shi kaɗai

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasin wannan fitowa ya shafi itatuwan gona da na daji, da mutanen da gari ke zaɓa domin su tsare su. A yau garuruwa da yawa cikin jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da kwamitin tsaron itatuwa. Waɗansu suna aiki sosai. Waɗansu kuwa suna kawai ya rage cikin littafin magatakarda. In ka tambayi mutanen garin da kwamitinsu ya mutu ko mene ne ya kashe shi, amsar da za ka fi ji ita ce: su sun hana sara, amma garin da ke gaba da su bai hana ba. Wannan amsa gaskiya ce, kuma ita za mu bi diddigi.

Inda aka fito

Samari ba su ga yadda ƙasar nan take ba shekaru 40 da suka wuce, saboda haka sai mu ɗan koma baya. A wancan lokaci, manomin da ake yabo shi ne wanda ya share gonarsa fes. Kowace bazara a sassabe sabara da kalgo har ƙasa, a tara, a cinna wuta. Dokar gandun daji ta 1974 ta ƙara wa abin ƙarfi ba da niyya ba. Ta sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin kariyar gwamnati, ko da cikin gonarka suke. In ka sare ba da izini ba, tara ta hau kanka. Sai manomi ya yi lissafinsa: ƙaramin icce ba wanda ya san da shi, babba kuwa jan magana ne. Sai ya kashe shi tun yana toho.

An yi fari a 1973 da 1974. Cikin watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi bisa yaƙi da hamada, kuma damanar wannan shekara ita ce ta haifi yunwar da mutanen Maraɗi suka sa wa suna El Buhari. An dasa itatuwa masu yawa cikin waɗannan shekaru, amma mafi yawansu ba su rayu ba. Ƙishirwa, gara da awaki sun gama da su.

A 1983 wani ma'aikacin mishan da ke zaune a Maraɗi, Toni Rinodo, mutumin Ostireliya, ya lura da cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne, waɗanda saiwarsu ke nan da rai cikin ƙasa. Ba dashe suke so ba, ba ban ruwa, gyara kawai. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar toho mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, ya cire sauran. Sa'annan ya rage rassan ƙasa da adda mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan shi ne sassaben zamani. Ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya, domin manoman Magariya, Matamai da Mirya sun daɗe suna barin gawo cikin gona, kuma tsofaffin Damagaram har yanzu suna ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarki Tanimun ya ɗora wa mai saran gawo a ƙarni na 19.

Cikin yunwar 1984 aka raba abinci ga manoman garuruwa wajen 100 na yankin Maraɗi, da sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu. An bar wajen dubu 500. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare kusan kashi 2 cikin 3. Wannan wuri ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Waɗansu sun sare don tsoron inuwa da tsuntsaye, waɗansu don kada a yi musu dariya. Amma akwai masu yawa da suka ga amfanin iccen, suka sare duk da haka, saboda sun san in ba su sare da rana ba, wani zai zo ya sare da dare. Waɗanda suka daure suka bar nasu su ne suka zama abin koyi. Bayan shekaru 20, masu bincike sun gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun komo bisa hekta miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi.

Abin da ya fi ƙarfin gari ɗaya

Iyakar gari tana cikin kan mai gari da dattawa. Abubuwan da ke kashe icce ba su san da ita ba.

Mu fara da gatari. Garuruwan ƙasar Maraɗi a manne suke da juna, tafiyar rabin sa'a ko ƙasa da haka. Mai amalanke na iya barin gidansa bayan lisha, ya sare sanduna 20 a gonakin maƙwabta, ya komo kafin assalatu. In an kama shi, ya ce shi ba talakan wannan mai gari ba ne, kuma ba da shi aka yi dokar ba. Mai garinsu kuwa, in ba a taɓa zama da shi ba, zai fi son ya kare nasa. Sau da yawa ma ba shi kaɗai yake ba, akwai wanda ya nuna masa gonar, domin da ɗan gari akan ci gari.

Akwai abin da ya fi wannan ɓarna, kuma kwamitoci ba su cika lura da shi ba. In gari ɗaya ya sa tarar jika 10, na kusa da shi ya sa jika 1, na uku bai sa kome ba, to sara bai ragu ba, wuri ya sake. Duk masu gatari na yankin za su koma wa gari na uku. Masu tara mai nauyi za su yi ta murna cewa sun yi nasara, alhali kuwa sun tura wutar ne gidan maƙwabci. Shekara biyu ko uku, in can ya ƙare, a komo kansu.

Sai maganar gonaki. Mutumin wani gari yakan mallaki gona cikin ƙasar wani garin, ta gado, ko saye, ko jingina, ko aro. Dokar wane gari za ta bi shi? Wanda aka ba aro kuma, in ya reni gawo 30 cikin shekaru 5, mai gona ya karɓe abinsa, itatuwan na wane ne? Akwai masu gona da ke hana mai aro barin icce, don kada gobe ya ce ƙasar tasa ce. Kwamitin gari ɗaya ba ya iya yanke irin wannan magana, tunda mutanen biyu ba ƙarƙashin mai gari ɗaya suke ba.

Iska da ruwa su ma haka. Guguwar farkon damana daga gabas take tasowa. In gonakin gabas da kai fili ne fetal, rairayinsu ne zai yanke maka hatsi yana ɗan ƙarami, ka yi shuka sau biyu ko sau uku. Wannan ne ya sa kariyar iska ta kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, wadda aka fara a 1975 da layukan dogon yaro, aka ja ta bisa gonakin mutane da yawa a jere, ba gona ɗaya ɗaya ba. Ƙoramar da ke cinye fadamar garin gangare kuwa, bisa fakon garin tudu ta samo asali. Masu gangare na iya jera duwatsu har su gaji. In na tudu ba su tare ruwan ba, aikin banza ne.

Yadda aka yi a ƙasar Agye

Garin Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, ya yi suna a wannan fanni. Mutanensa sun ga satar icce na neman kashe musu gwiwa, sai suka kafa kwamitin tsaro, tare da taimakon furojen raya karkara na Agye da asusun FIDA ya ba kuɗi. Abin lura shi ne yadda abin ya bazu. Wani bincike da aka buga a 2009 ya ƙidaya kwamiti 53 cikin yankin, kowane ɗaya yana haɗa gari 3 ko 4, jimla gari 170, bisa hekta wajen dubu 130. Gonakin da suke kusan fili a 1984, an iske itatuwa fiye da 100 cikin hekta ɗaya.

Ku duba wannan adadi na gari 3 ko 4. A ganina nan dabarar take. Gari ɗaya ya yi kaɗan, kamar yadda muka gani. Gari 30 kuwa sun yi yawa: taro sai an nemi mota da kuɗin abinci, kuma in aka taru manya kaɗai ke magana. Gari 3 ko 4 masu cin kasuwa ɗaya, masu auratayya, masu zuwa jana'izar juna, suna iya haɗuwa a ƙafa, su gama magana kafin azahar. Kowa ya san kowa. Wanda ya yi sara ba shi da inda zai ɓuya, kunya ma kaɗai ta ishe shi hukunci.

Ba maza magidanta kaɗai aka sa cikin kwamitocin ba. An sa mata, an sa samari, an sa Fulani makiyaya. Dokokin kuma a bainar jama'a aka tsai da su, aka sanar da sarakuna da ma'aikatan gandun daji, har su ma'aikatan suka zama masu goyon bayan kwamiti, ba abin gudu ba. Masu sintiri suna da alamar da ake gane su da ita. Wannan alama ba ado ba ce. Mutum bai son ƙanen matarsa ya tsai da shi bisa hanya, amma in ya ga alamar, ya san ba da sunan kansa yake magana ba, da sunan garuruwan ne.

Makiyayi ba baƙo ba ne

A nan ne haɗin kai da yawa ke karkacewa. Garuruwa huɗu na manoma su haɗu, su yi doka, sa'annan su ce sun gama. In ka duba dokar da kyau, sai ka iske haɗin kai ne a kan mutum na biyar da ba a gayyata ba, wato makiyayi. Wannan ba tsaron icce ba ne, shirin faɗa ne. Ƙasar nan ta san inda irin wannan faɗa ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Allah ya kiyaye mu da ganin irinsa.

Gaskiya ne, akwai makiyayan da ke sassake gawo da rani har su bar shi kamar sanda. Gaskiya ne kuma, akwai manoman da suka cinye burtali da gona, suka noma har bakin mashaya. Garken da bai da hanya dole ya bi ta gona. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da ƙasa da ake kira Kofo, tun daga gari har zuwa sama, kuma makiyaya na da kujera cikinsu. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Saboda haka duk dokar kwamiti da ta toshe burtali ko ta hana mashaya ta saɓa wa dokar ƙasa, ko da garuruwa goma suka sa mata hannu.

Icce kuwa abin makiyayi ne kamar yadda yake na manomi. Gawo na fid da ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Bisashen da suka kwana ƙarƙashinsa su bar taki. Irin gawo da ya bi ta cikin akuya ko saniya ya fi saurin tsira. Mai hankali ba ya korar wanda ke shuka masa gawo kyauta. Abin da za a zauna a daidaita shi ne yawan rassan da za a rage, da wane makami, da kuma neman izinin mai gona tukuna.

Mutanen Takyeta, yamma da Damagaram, sun nuna ana iyawa. Dajin gwamnati ne mai hekta wajen 6.700, garuruwa kewaye da shi, garkuna kuma na ratsa shi kowace shekara. Daga 1995 zuwa 2000, da taimakon ƙungiyar SOS Sahel, aka yi ta zama har aka kafa ƙungiyar masu amfani da dajin mai suna Ku Taya Ni. Ba a tsaya ga mazauna ba, an nemi har makiyayan da ke zuwa su wuce, aka ji ta bakinsu. Shekaru biyar ana magana, wani zai ce ɓata lokaci ne. Amma dokar da aka yi cikin yini ɗaya ba tare da mai garke ba, garke na farko da ya iso zai taka ta.

Iccen girki da miya

Mace ce ke neman iccen girki. In kwamiti ya ce an hana, bai faɗi inda za a samo ba, tuwo ba zai fasa dahuwa ba. Za ta yi nisa, ta shiga ƙasar wani gari, ko ta ƙona kara da kashin shanu waɗanda gona ke bukata. Sassaben zamani da kansa yana ba da icce: rassan da ake ragewa kowace shekara. Sai a faɗa a fili cewa matan gida ne ke da su, a kuma duba gwauraye da waɗanda ba su da gona.

A Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, kaba ita ce dukiyar mata: tabarma, igiya, faifai. Masu yanka na zuwa daga garuruwa da yawa. In ana yanke ɗanyen ganye har zuciya kowace shekara, kaba ba za ta taɓa tashi ta zama goriba ba. Gari ɗaya ba zai iya hutar da gefensa ba matuƙar na gaba ba su yarda su hutar da nasu bi da bi.

Wannan magana ta lafiya ce kuma. Miyar kuka, zogale, magarya, aduwa da goriba suna cike gurbin abin da tuwo kaɗai ba ya bai wa yaro da mai ciki. Cikin yunwar 2005, gidajen da ke da itatuwa sun sayar da icce da ganyen dabbobi sun sayi hatsi, waɗansu kuma anza ta riƙe su. Sai dai a tuna, anza ba a cin ta sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita.

Ƙetaren iyaka

Haɗin kai ba ya tsaya ga tsaro. Akwai koyo. A 1989 furojen ƙasar Ilela, cikin jahar Tawa, ya kai manoma goma sha wani abu Yatenga ta Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramu bisa fako da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cike da hannu, in ruwa ya sauka a shuka ciki. Da suka komo suka gwada. Damanar 1990 ta yi ƙaranci, ramun nan kuwa suka ba da hatsi inda sauran gonaki suka ƙone. Wannan ita ce tassa. Har fako, wanda da ba mai so, ya zama abin saye. Da malamin gona ne ya yi bayani a allo, da wuya a yarda. Manomi ya ga gonar manomi, shi ke nan. Daga baya manoman Senegal suka zo Maraɗi ganin sassaben zamani, dabarar kuma ta kai har Habasha da arewacin Gana.

Ta kudu kuwa, iyaka ta raba ƙasa amma ba ta raba ruwa da daji ba. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya shigo ta ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya. Tun da aka gina madatsar Jibiya, ruwan da ke iso mana ya dogara ga abin da aka saki daga can. Dajin Baban Rafi a bakin iyaka yake. Garkuna na sauka kudu da rani, su hau arewa da damana. Gwamnatocin biyu na da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, sun sa hannu bisa rabon ruwan gulaben iyaka a Maiduguri a 1990, jahar Maraɗi da jihar Katsina kuma sun yi yarjejeniya bisa yawon kiwo a 2017. Makiyaya ma sun haɗa kai: ƙungiyarsu ta AREN, wadda aka kafa a 1990, ta haɗu da takwarorinta na Mali da Burkina a 2003 suka kafa Billital Maroobe.

Amma kada mu ruɗi kanmu. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023, kuma ƴan bindiga sun sa waɗansu dazuzzukan bakin iyaka sun zama wurin tsoro. Takardun manya ba su isa ko'ina ba. Abin da kwamitin gari ke iyawa ƙarami ne: ya san takwaransa na ƙetare, su gaisa ran kasuwa, su aika wa juna labarin wutar daji, ko cutar dabbobi, ko ranar da za a saki gonaki. Mai sintiri kuma aikinsa ya gani ya faɗa. In ya ga masu makami, ya janye ya sanar da hukuma. Ba a zaɓe shi don ya ba da ransa saboda sanda ba.

Kuɗi da takarda

Mafi yawan haɗin kan da ya watse, ba ɓarawon icce ya watsa shi ba, asusu ne. Dokar 1992 ta ba garuruwa iznin buɗe kasuwannin icce na karkara, inda mutanen gari ke sara bisa ƙa'ida, su sayar wa masu motoci, su karɓi haraji, a raba tsakanin gari, gunduma da baitulmali. Inda aka riƙe amana, kuɗin sun gyara rijiyoyi. Inda mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi duka, an wuce adadin saran da aka yarda, asusu kuma ya bushe. In haka na faruwa cikin gari ɗaya, ina ga garuruwa huɗu, inda kowa ke zargin an fifita wani?

A nan karatunku ke da aiki. Yarjejeniyar garuruwa a rubuta ta da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba, a karanta ta da ƙarfi a dandalin kowane gari da kowace rugga, kowane gari kuma ya riƙe tasa takarda. A rubuta sunayen itatuwan da ba a sarewa daga tushe. A rubuta lokacin rage rassa. Tara ta zama ɗaya a duk garuruwan, kuma ta bambanta reshe da gindi, ta bambanta mai ɗauka a kai da mai lodin amalanke. Kada ta yi nauyin da ba mai iya biya, domin tarar da ba a biya tana koya wa mutane raina doka. A faɗi gaban wa za a kai wanda aka kama in ba ɗan garin ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne masu gari biyu su zauna tare. A faɗi rabon mai gonar da aka yi wa ɓarna, domin shi ne ya yi hasara, ba kwamiti ba.

Ma'aji ya fito daga gari ɗaya, magatakarda daga wani. Kowace tara da rasit mai lamba, biyu: ɗaya ga mai biya, ɗaya cikin littafi. Taro ya riƙa zagayawa gari gari, kada babban gari ya mai da sauran ƴan rakiya. A kowane taro a ƙirga kuɗin a gaban mutane, a gwada da abin da ke rubuce. Na fi son a ba mace ma'aji inda aka samu mai karatu, domin matan da suka saba da asusun adashi ba su cika wasa da lissafi ba.

Sa'annan a kai takardar ga sarki, da meri, da Kofo, da ma'aikatan gandun daji, su sa hannu. Kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya kulle mutum, ba ya dukan mutum, ba ya riƙe dabbar wani a gida. Dokar gandun daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974, kuma a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fid da doka ta musamman bisa sassaben zamani, wadda ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarsa shi ke da amfaninsa. Duk da haka, kafin a kada babban icce irin gawo daga tushe, a nemi ma'aikacin gandun daji tukuna. Ku roƙe shi ya zo cibiya ya fassara muku wannan doka, aikinsa ne.

Aikin cibiya

Ga lissafi na misali, ku yi shi bisa allo. Garuruwa 4 sun yarda cewa tarar kada icce daga tushe jika 5 ce. Rabi na mai gona, abin da ya rage a raba biyu: kashi ɗaya na masu sintiri, kashi ɗaya na asusu. Cikin rani an kama mutum 6, kowanne da icce ɗaya. Nawa aka karɓa duka? Nawa ya shiga asusu? In ma'aji ya nuna jika 6, nawa ya ɓace?

Bayan haka malami ya zana garinku a tsakiyar allo. Ɗalibai su faɗi garuruwa da ruggagen da gonakinku ke haɗa iyaka da su, a rubuta kowane a gefensa, gabas ko yamma, kudu ko arewa. A ja layin burtali, a sa alamar mashaya. A ƙarƙashin kowane suna a rubuta ko suna da kwamiti, da nawa ne tararsu, da sunan wanda za a fara aika wa goron gayyata.